Abin Da Ke Kai Baffana Sabon Gari

'Yan'uwana mata, yau raina a ɓace yake. Ranar sadakar bakwai ta Baffana, ina cikin rabon waina sai na ji wata Hajiya tana raɗa wai, "Allah dai Ya yafe masa, mutumin da kullum yana Sabon Gari cikin mashaya." Wallahi saura kaɗan faranti ya suɓuce mini.

To Hajiya, bari ki ji abin da ke kai shi. Kafinta ne a Fagge, mai 'ya'ya 9, tun asuba yana kan katako har magariba. Bayan isha'i sai ya hau kekensa ya je ya kwaso ɗan wani daga bakin kwata, ya wanke masa amai, ya kwantar da shi a zaurenmu. Ya san wanda giya ta daɗe a jikinsa in ya bari dare ɗaya, sai rawar jiki da gumi da gane-gane, wani har farfaɗiya, wani ma rai ya yi halinsa. Shi ya sa yake kai su asibitin Dawanau da kuɗin aljihunsa. In sun warware ya miƙa musu zarto da guduma.

Tun da aka kafa Hisbah a 2003 muna ganin ana murƙushe kwalabe, madalla. Amma wanda kwalbar ta riga ta murƙushe fa, wa ke ɗaga shi? Ke?

Kuma Hajiya, cikin masu ɗaukar makararsa suna kuka har da ƙaninki, wanda ya yi wata 4 a zauren nan. Kunyar Inna ce ta rufe mini baki ranar.