Lafiyar Iyali: Idan Huhu Ya Huje, Iska Ta Ƙi Daina Fita

 A wannan watan za mu duba wata larura mai daɗar da mutum a gadon asibiti, wato hujewar huhu. Tunda mu ne masu zaman jinyar maigida da yara, ya kamata mu san abin da muke gadi.

Huhu a lulluɓe yake da tantani mai ninki biyu. Idan ya huje, sai iska ta riƙa tserewa tana taruwa tsakanin ninkin, ta danne shi ya kasa buɗewa. Abubuwan da kan jawo haka sun haɗa da tarin fuka, haɗarin mota, daɗewa ana shan taba, da tiyatar huhu.

Likita kan zura roba ta tsakanin haƙarƙari, ta sauka cikin kwalba mai ruwa. Kumfar da kike gani a ruwan idan majinyaci ya yi tari, iskar ce ke fita. Yawanci hujin kan rufe da kansa cikin 'yan kwanaki. Idan ya wuce kwana 5 zuwa 7, to ya zama mai naci, sai a nemi wata dabara.

Akan ɗebi jinin majinyacin, kamar mililita 50 zuwa 100, a zuba ta robar, ya daskare ya toshe hujin. Akan kuma zuba wata hodar asibiti mai sa ninkin biyu su manne. In jikinsa zai iya ɗauka, sai a yi tiyata a ɗinke wurin.

To, wanda ya galabaita fa? A nan ne ake amfani da wani siririn bututu mai kyamara, a zura ta baki ko hanci har cikin hanyoyin iska. Likita zai riƙa toshe rassan ɗaya bayan ɗaya da ɗan balan-balan. Reshen da aka toshe kumfa ta tsaya, shi ne mai kai iska ga hujin. Sai a dasa ɗan murfi a wurin, wanda ke hana iska shiga amma yana barin majina ta fito. Hujin ya samu hutu ya warke, bayan kamar mako 6 a cire murfin ta hanyar da aka sa shi. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan murfi mai suna Spiration a shekarar 2008, don waɗanda iska ta ƙi tsaya musu bayan tiyatar huhu. Yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba.

Uwargida, ga naki aikin. Kwalbar ta zauna ƙasa da ƙirjinsa koyaushe, kada ki ɗora ta kan gado. Kada ki matse robar ko ki ƙulle ta, domin iskar da ta rasa mafita tana iya danne zuciya ta yi kisa. Kada ki zubar da ruwan. In numfashi ya yi wuya ko wuyansa ya kumbura, kira nas nan take. Kada gajiya ko surutun dangi su sa ki nemi sallama kafin lokaci. In kuwa tarin fuka ne sila, ki tsaya ya shanye maganinsa na wata 6.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wata mai zuwa.