Kalmar Sirri Ɗaya, Asirin Dangi Duka

Sanin kowa ne cewa mai hankali ba ya sa wa ɗakinsa da shagonsa da rumbunsa kwaɗo iri ɗaya, domin ranar da ɓarawo ya tsinci ɗan makullin, to ya gama da shi. Amma abin mamaki, haka yawancin masu amfani da intanet suke yi da kalmar sirri. Abin da ya auku ga kamfanin 23andMe na ƙasar Amurka cikin shekarar 2023 ya isa ishara.

Mutum kan aika wa kamfanin yawunsa cikin 'yar kwalba, a binciki sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halittarsa, wato DNA, a faɗa masa asalin kakanninsa, a kuma haɗa shi da danginsa da suka yi irin wannan gwaji. Masu kutse ba su fasa kwamfutocin kamfanin ba. Adireshin imel da kalmomin sirri waɗanda aka sace tuntuni a wasu wurare suka ɗauko, suka riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya. Asusu wajen 14,000 suka buɗu, saboda masu su sun maimaita tsohuwar kalma. Ta waɗannan ƙofofi aka kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 6.9, da suka haɗa da suna, shekarar haihuwa, asali da dangantaka.

To, yaya ɓarnar ta yaɗu haka? Amsar tana cikin ilmin halittu. Mutum yana gadon rabin DNA daga mahaifiya, rabi daga mahaifi, yana kuma tarayya da ɗan baffansa a kusan kashi ɗaya cikin takwas. Saboda haka asusun mutum ɗaya yana ɗauke da jerin danginsa na kusa da na nesa. Idan aka yi lissafi, kowane asusu da aka buɗe ya tona asirin kusan mutum 500. Wake ɗaya ke nan ya ɓata gari.

Babu shakka kamfanin yana da nasa laifi. Sai bayan ta'asar ya wajabta tabbaci na biyu, wato lambar da ake nema bayan kalmar sirri, kuma cikin 2025 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci shi tarar fam miliyan 2.31. Sai dai tara ba ta dawo da abin da ya riga ya fita. Wanda bayanansa suka fallasa bai kamata ya zauna jiran hukunci ba.

Da farko ya sauya kalmar sirrin nan take, a duk inda ya taɓa amfani da ita, ya fara da imel, tunda ta nan ake sabunta sauran. Kowane asusu ya samu tasa kalmar, doguwa, wadda babu suna ko ranar haihuwa a cikinta. Bugu da ƙari, ya kunna tabbaci na biyu. Ya kuma yi hattara da duk wanda ya bugo waya yana neman lamba, ko da ya ambaci sunan mahaifiyarsa daidai, domin mazambaci da bayanan sata yake sayen yarda.

Ya dace malaman sakandare su koyar da wannan kamar yadda suke koyar da wanke hannu, tunda sakacin mutum ɗaya kan shafi wasu. Ana sauya kalmar sirri cikin minti biyu, amma sunan uwa da ranar haihuwa da abin da aka gada a jini ba su sauyuwa har abada.