Lissafin da Ke Cin Wuta

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 1445 ta Hijira zuwa 1446, watau 2024, manyan gidajen ajiyar kwamfuta sun sha wutar lantarki kimanin yunit miliyan dubu 415, irin yunit ɗin nan da mita ke ƙirgawa a kanti. Madatsar Kainji sittin, ko da suna aiki dare da rana ba fashi, da ƙyar za su biya wannan bukata. A ƙasar Ayalan kuwa, a 2023, kashi 21 cikin ɗari na wutar da aka auna waɗannan gidaje ne suka shanye.

Ba dukan wannan wuta ce tilas ba. Ita na'ura ba ta da ra'ayi, umurnin da aka rubuta mata, wanda ake kira manhaja, shi take bi. In marubucin ya tsara hanya mai kewaye, na'ura ta bi kewaye, ta yi zafi, sa'an nan a sake kashe wata wutar da ruwa wajen sanyaya ta.

Hujja mafi bayyana tana ga kuɗin intanet, waɗanda 'yan kasuwa suka sani. Bitcoin, tun farkonsa a 2009, an gina shi bisa tsere ne: dubban na'urori suna ta cankar lamba guda, kusan kowane minti goma ɗaya ta dace, wahalar sauran duka ta faɗi banza. Misalinsa kamar attajiri ne ya tara magatakarda dubu su rubuta shafi ɗaya, ya karɓi na mutum guda, ya ƙone saura. Masanan Jami'ar Kambirij sun ƙiyasta cinsa a 2023 ya haura yunit miliyan dubu ɗari. Da Sin ta hana wannan sana'a a 2021, da yawa daga masu ita suka kwashe na'urorinsu zuwa Amurka da Kazakistan, alhali kuwa yawancin wutar Kazakistan daga kwal take, hayaƙi ya bi su can.

To, Ethereum ma a kan wannan tsari ya taso. Ran 15 ga Satumba 2022 masu kula da shi suka sauya manhajar: maimakon tsere, wanda zai shaida ciniki sai ya ajiye jingina, in ya yi ha'inci a ci jinginarsa. Cin wutarsa ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari, ciniki kuwa bai tsaya ba.

Mutanen Bitcoin sun ƙi bin sawu. Hujjarsu ita ce tsadar wutar ita ce garkuwar littafin, domin mai son ɓata shi sai ya kashe abin da ba zai iya ba, kuma tsarin jingina mai dukiya yake fifitawa. Maganar jingina tana da ƙamshin gaskiya. Amma fa na'urar tsere ma ba talaka ke sayenta ba, kuma hayaƙin kwal ba ya cikin littafin da suke tsaro, maƙwabtan tashar wuta ne ke shaƙarsa.