Alfaka da Mafarkin Barin Birni



A wannan makon za mu tsallaka teku. Akwai wani labari da ya daɗe yana yawo a Amurka: miji da mata sun gaji da aikin ofis da cunkoson motoci, sun sayar da gidansu na birni, sun sayi 'yar gona, sun zuba alfaka goma, hankalinsu ya kwanta. A ganinmu rabin labarin aka ba mu, kuma darasin marubuci yana cikin rabin da aka bari.

Alfaka dabba ce dangin raƙumi, sai dai ƙarama ce kuma ba ta da tozo. Asalinta tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, kuma ƙasar Peru ce ke da mafi yawanta a duniya. Don gashinta mai laushi ake kiwonta. Sau ɗaya ake yi mata aski a shekara, a samu kilo 2 zuwa 4. Cikinta kan kai wata 11 da ɗoriya, ɗa guda take haifa, kuma ba ta jure zaman kaɗaici, dole sai a garke.

A 1984 aka fara shigar da ita Amurka don kasuwanci. A 1998 masu kiwon suka daina yi wa dabbobin da aka shigo da su daga waje rajista, sai masu takarda suka yi tsada, har mace ɗaya takan haura dala 10,000. Amma kuɗin gashin da wuya ya biya ciyawa da likitan dabbobi. Ribar tana fitowa ne daga sayar da 'ya'yan ga sabon mai mafarki, shi ma ya jira wani sabon. A 2006 Tina Saitone da Richard Sexton, masana tattalin arziki a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, suka yi gargaɗi cewa farashin ba shi da tushe. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 kasuwar ta faɗi, wasu suka riƙa ba da dabbobin kyauta don sun kasa ciyar da su.

Mai kiwon ragon layya ya san wanda zai saya ya yanka. Waɗancan masu alfakar ba su tambayi kansu wane ne mai sayen ƙarshe ba.

Mu ma muna yin irin wannan kuskuren a rubutu. Sau nawa muka karanta labarin saurayin da ya gama karatu ya rasa aiki, ya koma ƙauye ya kama kiwo, cikin shafi uku ya zama Alhaji? Babu farashin dusa, babu dabbar da ta mutu da ciki, babu matar da ke kewar 'yan'uwanta. Yawancinmu matasa ne masu takarda a hannu ba aikin yi, haka ma masu karanta mu. Wani zai iya ɗaukar labarinmu a matsayin shawara, ya zuba ɗan jarin mahaifiyarsa. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Wani zai ce labari ai ba littafin lissafi ba ne. Mun yarda. Akwai ma waɗanda suka zauna lafiya da alfakarsu, suna kaɗa zare suna sayar da huluna da mayafai, suna karɓar baƙi masu zuwa kallo. Amma labarinsu ya fi armashi idan mun ga abin da suka rasa kafin su samu.

Sannan akwai mutanen Kechuwa da Aimara, waɗanda suka gaji wannan kiwon tun shekaru dubbai, a tsaunuka masu tsananin sanyi irin na Puno. Da yawansu talakawa ne, dillalai ke sayen gashin a hannunsu da araha. Ba kasafai ake ba da labarinsu ba, domin ba su bar birni ba balle a yi mamakinsu.

Aikinmu na makon nan: kowa ya samu makiyayi ɗaya, ya tambaye shi asarar da ta fi yi masa ciwo, ya rubuta mana shafi guda.

Allah ya ƙara basira.