Tsibiri a Kan Tudu: Babban Mutum da Kasuwar Damagaram

A cikin tekun Atilantika, kudu da gaɓar Nijeriya, akwai wata 'yar ƙasa ta tsibirai mai suna Sawo Tome, wadda mutanenta suka ɗara 200,000 da kaɗan. Koko take nomawa ta sayar, amma shinkafa da fulawa da man fetur da magani duk sai jirgin ruwa ya kawo mata. Abin lura shi ne, duk da kusancinta da Nijeriya, mafi yawan kayan nan daga Fotugal da Angola suke zuwa. Tarihin mulkin mallaka yana da hannu a ciki, amma akwai wani dalilin: duk wanda cikinsa ya rataya ga jirgi, yakan fifita jirgin da ba ya saɓa rana a kan wanda ya fi araha.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mutumin ƙasar Daura da tsibiri? To, ai akwai wani a bakin ƙofarsa. Jamhuriyar Nijar ba ta da gaɓar teku ko taƙi ɗaya. Daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Yamai kimanin kilomita 1,000 ne, daga Yamai zuwa Damagaram kuma wajen 900. Daga Kano kuwa zuwa Damagaram ba a kai 300 ba. Ashe ke nan ƙasar Damagaram tsibiri ce da nisa ya kewaye maimakon ruwa, Kano ce tasharta, garin Babban Mutum na Ƙaramar Hukumar Baure kuma yana cikin ƙofofin da kaya ke bi su shiga Magarya. Masara da dawa a shekarar da damina ta gaza, kayan roba, takalma, sabulu da yadi, nan suke haurawa arewa. Raguna da shanu da wake su gangaro kudu.

Kasuwa irin wannan alheri ce ga mai sayarwa, domin mai saye ba shi da zaɓi da yawa. Sai dai rashin zaɓin nan shi ne yakan ruɗi hukuma ta ɗauka tana riƙe da maƙogwaron maƙwabci. Sau uku Nijeriya tana gwada haka. A shekarar 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986, rufewar kuwa ta zo daidai da fari mai tsanani. Hausawan Nijar, da yake al'adarsu ce raɗa wa kowace yunwa suna, sai suka kira ta wannan lokaci Elbuhari. Aka sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Sannan bayan juyin mulkin Yuli 2023, takunkumin ƙungiyar ECOWAS ya sa aka datse iyaka, aka kuma yanke wutar lantarki, alhali kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Nijeriya take zuwa a lokacin. Sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe ɓangarenta.

Masu goyon bayan rufewa suna da hujjarsu, kuma ba ta raini ba ce. Shinkafar waje da ake saukewa a Kwatano takan zagayo ta Nijar ta karya farashin ta gida, makamai ma sukan sulalo. Amma a tambayi mutanen bakin iyaka wanda rufewar ta kama. Ɗan fasa-ƙwauri bai taɓa dogara da titi ba, babur da hanyar daji sun ishe shi, tsadar kaya ma ƙara masa riba take yi. Wanda ya durƙushe shi ne mai buhu goma da ya saba tsayawa gaban kwastan ya biya. Da aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamba 2019, 'yan Nijeriya mazauna irin su Babban Mutum ne suka fara sayensa a galan da ɗan karen tsada.

Babbar hasarar kuwa ita ce, mai sayen da aka yunwatar yakan nemi wata hanya, in ya same ta kuma da wuya ya dawo da zuciya ɗaya. Bayan 2023 Nijar ta karkatar da kayanta zuwa tashar Lome ta Togo, ana ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, duk da nisa da haɗari. A Oktoba 2024 ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a Janairu 2025 ta kammala ficewa daga ECOWAS, gabanin babbar sallar shekarar kuma ta dakatar da fitar da dabbobi. Mai neman ragon layya a Daura da Kano ya ji a jikinsa.

Saboda haka ya kamata abinci da magani da wutar lantarki su fita daga jerin abubuwan da ake horo da su, kome zafin rigimar shugabanni. In har tsaro ya tilasta rufe wata ƙofa, a ba da sanarwa da wa'adi, don mai albasa ko tumatir kada kayansa su ruɓe a mota. A kuma sauƙaƙa wa ƙaramin ɗan kasuwa takarda guda da kuɗi sananne a rubuce a bakin shinge. Tun 2021 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura, an zuba masa maƙudan kuɗi, amma tarago ma a iyaka zai tsaya duk ranar da aka sake saka kwaɗo.