Malalar Mai A Teku: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Da yawa daga cikinmu a nan Arewa ba mu taɓa ganin teku da idonmu ba, amma da wuya a sami wanda bai ci arzikin da ake haƙowa a ƙarƙashinta ba. Kason da jihohi da ƙananan hukumominmu ke karɓowa daga Abuja kowane wata, wanda da shi ake biyan malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, kuɗin man fetur na da babban rabo a cikinsa. Matatar Kaduna ma da aka buɗe a 1980, ta bututu aka shirya kawo mata ɗanyen mai tun daga bakin teku. Saboda haka idan man nan ya malale a ruwa, ya kashe kifi, ya hana masuntan Bayelsa da Akwa Ibom neman abinci, ba daidai ba ne mu naɗe hannu mu ce ai ba a gonarmu ya zuba ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Abin da muke so mu jawo hankalin hukuma da jama'a a kai shi ne kayan aikin kwashe man da ya zuba a teku, da yadda ake shirya su. Duk lokacin da aka yi ɓarna sai a fito ana lissafa mana jiragen ruwa nawa aka tura, da injuna nawa aka sayo. A ganinmu yawan kaya ba ya kwashe mai. Abin tambaya shi ne ko kayan sun dace da juna, ko suna kusa da inda za a bukace su, kuma ko akwai waɗanda suka iya aiki da su.

Aikin hawa-hawa ne. Mai bai kai ruwa nauyi ba, don haka yakan taso sama ya bazu, cikin 'yan awoyi ya mamaye fili mai faɗin gaske. Da farko sai an gano inda ya fi kauri, domin galibin man yakan taru ne a ɗan ƙaramin yanki, sauran kuwa ƙyalli ne kawai. Daga jirgin sama ake gane wannan, a yi wa na ruwa jagora. Sai kuma a tare shi da wani dogon shingen roba mai yawo a kan ruwa, wanda ƙasansa ke nutsewa kamar labule, jirage biyu su riƙa jansa yadda masunta ke jan taru. Bayan man ya taru sai a sa injin kwasa ya kwashe shi, kamar yadda ake kwashe man shanu a saman nono. Daga nan sai wurin zubawa.

To, kowane hawa yana da iyakarsa. Shingen nan idan gudun ruwa ko saurin jansa ya haura kimanin kilomita ɗaya da rabi a awa, wato ko tafiyar tsoho bai kai ba, sai man ya sulale ta ƙarƙashinsa. Ke nan jirgin da ba ya iya tafiya a hankali bai dace da aikin ba, komai girmansa. Injin kwasa shi ma iri-iri ne. Akwai mai zuƙe duk abin da ya tarar, har ruwan ya fi man yawa, akwai kuma mai faifai ko buroshi wanda man ke mannewa a jikinsa. Ɗanyen man ma ba ya zama yadda ya fito. Bayan 'yan kwanaki raƙuman ruwa kan dama shi da ruwa, ya yi kauri kamar talge, yawansa ya ninka sau uku ko huɗu, injin da ya yi aiki ranar farko ya kasa a rana ta biyar. Wurin zubawa kuwa shi aka fi mantawa da shi. A misali, injin da ke kwasar ganga 300 a awa, idan tankin da aka haɗa shi da shi ganga 600 yake ci, bayan awa biyu aiki ya tsaya ke nan sai an je an juye an dawo, alhali man na ci gaba da bazuwa.

Waɗanda suka fi mu kuɗi da fasaha sun sha wannan darasi da ɗaci. Ran 24 ga Maris, 1989, jirgin dakon mai Exxon Valdez ya yi karo da dutse a Alaska ta ƙasar Amurka, ya zubar da kimanin ganga 260,000. Jirgin da aka tanada don ɗaukar kayan agaji yana jiran gyara, an sauke kayan da ke kansa, bai isa wurin ba sai bayan fiye da awa 12. Teku ta yi kusan kwana uku a kwance, sa'an nan guguwa ta taso ta watsa man a gaɓa mai tsawon kilomita wajen 2,000. A 2010 kuma, da rijiyar Deepwater Horizon ta fashe a Tekun Meksiko, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana ɓulɓula. An tara dubban jiragen ruwa, har da wani ƙaton jirgin dakon mai da aka mai da shi injin kwasa, wanda aka gwada aka ga bai tsinana komai ba, domin man ya riga ya watse. Lissafin gwamnatin Amurka ya nuna kashi 3 cikin 100 kawai aka kwashe daga saman ruwa.

Mu ma ba baƙin wannan masifa ba ne. A Janairun 1998 bututun kamfanin Mobil ya fashe a tekun Akwa Ibom, kimanin ganga 40,000 suka zuba. A Disambar 2011 an sake zubar da kusan haka a filin Bonga na kamfanin Shell, kilomita 120 daga gaɓa. Kamfanonin mai sun kafa ƙungiyar haɗin gwiwarsu ta agaji, Clean Nigeria Associates, tun 1981, gwamnati kuma ta kafa hukumar NOSDRA a 2006. Amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni na 2011 ya nuna cewa hukumomin sa ido na dogara ne ga kamfanonin mai wajen kai su inda aka yi ɓarna. Wanda ya hau jirgin mai laifi ya je binciken laifinsa, ina zai sami bakin magana?

Wani zai ce, tun da masana sun yarda cewa ko da shiri mai kyau da wuya a kwashe fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na man da ya zuba a tsakiyar teku, me ya sa za a ɓata kuɗi? Gaskiya ne rigakafi ya fi magani, kuma gyaran tsofaffin bututu shi ne kan gaba. Amma ɗan abin da aka kwashe, da bakin kogin da aka tare da shinge kafin man ya shiga, su ne bambanci tsakanin ƙauyen da zai koma su bayan wata guda da wanda zai yi shekaru yana jira. Rahoton Ogoni ya ce gyaran ƙasarsu na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Maganin da ake fesawa daga jirgin sama kuwa ba ya fid da mai daga teku, tarwatsa shi kawai yake yi ya shige cikin ruwa, don haka bai dace da wurare marasa zurfi inda kifi ke hayayyafa ba.

Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya sa mutum a gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Riƙon amana aka ba mu, kuma za a tambaye mu. A cikin littafin nan ne kuma muka ga Yusufu ya tanadi rumbuna a biranen Masar tun ana cikin shekarun ƙoshi, bai jira yunwa ta shigo ba.

Don haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta ba NOSDRA jiragen ruwa da na sama na kanta. A tilasta wa kowane kamfani ya nuna kayansa a aikace cikin ruwa aƙalla sau ɗaya a shekara, tun daga shinge har wurin zubawa, a kuma auna shi da ganga nawa zai iya kwashewa ya adana a yini guda. A rarraba kayan a bakunan manyan koguna, a horar da masuntan wurin a biya su, domin su suka san halin ruwansu, su ne kuma na farkon isa. Wakilanmu na Arewa a Majalisar Tarayya su goyi bayan wannan idan an zo kasafin kuɗi, musamman da yake an ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a Nuwambar 2022. Abin da muka yarda a yi wa kogunan wasu, shi za a yi wa namu. Ikilisiyoyinmu kuma su tuna da masuntan nan cikin addu'a, su kuma yi magana a madadinsu. Ubangiji Ya ba shugabanninmu kunnen ji.