Malamin Da Ya Fi Ƙarfin Tambaya

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a cikin waɗansu ƙungiyoyin mabiya addinin Buda a Turai da Amurka, wai almajirin da ya tuhumi malaminsa ya karya alkawari, wanda kuma ya fito da laifin malami fili ya zubar da mutuncin addini. Da wannan magana nake jayayya, ya 'yan'uwa ɗalibai, domin ni a ganina ita ce tabarmar da ake shimfiɗa wa azzalumi ya zauna.

Ga misali. Sogyal Rinpoche mutumin Tibet ne, shi ya kafa ƙungiyar Rigpa a Landan a 1979. A 1992 ya fitar da littafi a kan rayuwa da mutuwa a al'adar Tibet, wanda ya kai sunansa ko'ina a duniya. A 1994 wata mata ta kai shi ƙara a Kalifoniya, tana zarginsa da cin zarafinta. Aka sasanta a bayan kotu, aka yi shiru, ƙungiya ta ci gaba da bunƙasa har ta gina babban gidan ibada a kudancin Faransa. Sai a watan Yuli na 2017 almajiransa takwas, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna yi masa hidima, suka rubuta wasiƙa suna zarginsa da duka, da lalata da mata almajirai, da facaka da dukiyar da mabiya suka bayar. Wata guda bayan haka ya ajiye shugabanci. A 2018 kamfanin lauyoyi na Lewis Silkin, wanda ƙungiyar da kanta ta ɗauka ya yi bincike, ya bayyana cewa lalle an ci zarafin waɗansu almajirai, kuma akwai manya a cikin ƙungiyar da suka san abin da ake ciki, amma suka kau da kai. Ya mutu a Tailan a 2019, ba tare da wata kotu ta yanke masa hukunci ba.

To, daga 1994 zuwa 2017 shekara ashirin da uku ke nan. Wa ya riƙe masa tsani duk wannan lokaci? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. An koya wa almajirai cewa akwai alkawari tsakaninsu da malami, wanda ake kira samaya, kuma duk abin da malami ya yi, ko mari ne ko zagi, wata hikima ce mai kama da hauka wadda idon almajiri bai kai ya gane ta ba. In an doke ka, wai an wanke maka zuciya. In ka ji zafi, wai girman kanka ne bai mutu ba. Da zarar an raba mutum da ikon cewa "wannan zalunci ne", ai an gama da shi, ko da yana da digiri uku.

Kada wani ya ce wannan tarko na jahilai ne. Mu duba Japan, inda abin ya kai matuƙa. Shoko Asahara ya tsinto kalmomin addinin Buda da na waɗansu addinai ya haɗa ƙungiyar Aum Shinrikyo, hukuma ta yi mata rajista a 1989. A cikin wannan shekara mabiyansa suka kashe lauya Tsutsumi Sakamoto da matarsa da ɗansu ƙarami, saboda yana taimakon iyayen da ƙungiyar ta raba su da 'ya'yansu. Ran 20 ga Maris 1995 suka saki iskar guba ta sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo, mutum 13 suka mutu, dubbai suka jikkata. A cikin waɗanda suka saki gubar akwai likitan zuciya, akwai waɗanda suka karanta kimiyya a manyan jami'o'i. An rataye Asahara da mabiyansa 12 a 2018. Ban ce Rigpa da Aum ɗaya suke ba, nisa tsakaninsu kamar sama da ƙasa ne. Amma ƙofar da aka bi aka shiga ɗaya ce: mutum guda wanda ya fi ƙarfin tambaya.

Masu kāre irin waɗannan malamai sukan ce, ai haka addinin ya zo, biyayya ce ginshiƙinsa. Wannan ba gaskiya ba ne. Buda da kansa bai naɗa magaji ba, koyarwa da doka ya bari su zama jagora bayansa. A mazhabar Terawada 'yan zuhudu maza suna da dokoki 227, kuma duk mako biyu sukan taru a karanta su. Huɗu daga cikinsu kora ce ta har abada: jima'i, da sata, da kisan kai, da yin ƙaryar kai wa wani matsayi na ruhi. Bugu da ƙari, a ƙarshen zaman damina na wata uku akwai ranar da kowane ɗan zuhudu, tun daga babba, yakan roƙi 'yan'uwansa su faɗa masa laifinsa, wanda suka gani, ko suka ji, ko suke zato. Ashe kuwa tuhuma ba bidi'a ba ce a gidan. Abin da ya faru shi ne, malamai irin su Sogyal ba 'yan zuhudu ba ne, wannan shinge bai kewaye su ba, kuma da suka je ƙasashen Turai ba a kafa musu wani ba. Dalai Lama ma, a taron da ya yi da malaman Turai da Amurka a Daramsala a 1993, ya shawarci almajirai su fallasa malamin da aka yi wa nasiha ya ƙi ji. Sai dai shawara ba hukunci ba ce, shi ya sa aka ƙara shekara ashirin da huɗu ana rufa-rufa.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. In ka ga ƙungiya inda tambaya ta zama zunubi, inda akwai 'yan cikin ɗaki masu sirrin da na waje ba su sani ba, inda ake raba mutum da iyayensa da abokansa, inda ba wanda ya san yadda kuɗi ke shiga da fita, inda wanda ya fita ake kiransa mahaukaci ko maci amana, to, kama takalminka. Magani kuma ba wani abin mamaki ba ne. A rubuta ƙa'ida wadda ta hau kan malami kafin almajiri. A sa akanta na waje ya duba asusu kowace shekara. A kafa wurin kai kuka wanda ba malami ne ya naɗa mutanensa ba. Duka da fyaɗe kuwa ba maganar cikin gida ba ce, ta 'yan sanda ce da alƙali.

Za a ce mini, ai tonon asiri yana kore mutane daga addini. Ina tambaya: wa ya zubar da mutuncin Rigpa, mutum takwas da suka rubuta wasiƙa, ko manyan da suka sani suka yi gum? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Malamin kirki ba ya tsoron a duba asusunsa, ba ya tsoron a ce masa don me. Wanda kuwa ya ce ya wuce a tambaye shi, ya riga ya ba ka amsar da kake nema, saura ya rage naka.